Ina rubuta rayuwata ta uwa, yanzu 'yata ko kallona ba ta son yi

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku. Bayan haihuwata ta ƙarshe na shiga wani ƙunci da na rasa wanda zan gaya wa, sai na fara rubuta abin da nake ciki, ina fitarwa mata suna karantawa. Da yawa sun ce mini sun sami sauƙi da suka gane ba su kaɗai ba ne. Kwanakin baya na rubuta yadda muka sha fama da fitsarin kwance da babbar 'yata har ta kai shekara 9. Ban faɗi sunanta ba, amma duk wanda ya san ni ya san da wa nake. Mahaifiyar wata 'yar ajinsu ta karanta, magana ta isa makaranta, yara suka sa ta a gaba da tsokana. Yanzu shekararta 11, kuma tun ranar ko kallona ba ta son yi. Da maigidana ya ji, ya bi rubuce-rubucena na baya, ya tarar da inda na ba da labarin saɓanin da muka taɓa yi a kan kuɗi. Ya ce in daina gaba ɗaya. Yayata kuma ta ce dama can riya ce, kuma ina jawo wa yarana kambun baka. Anti, haramun nake aikatawa? In daina ne? Wallahi rubutun nan shi ya riƙe ni lokacin da na kusa faɗuwa.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya yaye miki damuwa, Ya raya miki zuri'a.

Tambayoyinki biyu za su sami amsa, amma akwai abin da ya fi su gaggawa. Akwai yarinyar da za ta sake shiga aji gobe da safe, ta zauna cikin waɗanda suka san abin da ta fi jin kunyarsa a duniya, kuma ta san daga bakin wa ya fito. Da ita za mu fara.

Ki cire wannan rubutun yau. Sannan ki same ta ita kaɗai, ba a gaban ƙannenta ba, ki ba ta haƙuri. Haƙuri na gaske nake nufi, wanda babu "amma" a cikinsa. Kada ki ce mata ai ba ki faɗi sunanta ba, kada ki ce ai don a taimaki wasu iyaye kika yi. Ko da hakan gaskiya ne, ba shi take bukatar ji ba. Ki ce mata sirrinta ne, ba ki da ikon fitar da shi, kin fitar, kin cuce ta, kuma ba za ki sake ba. Wasu iyaye suna ganin ba wa ɗa haƙuri zubar da girma ne. Ni ban taɓa ganin uwar da girmanta ya zube don ta ce wa 'yarta "ki yafe mini" ba. Idan ta yi shiru ko ta tashi ta bar ki, ki ƙyale ta. Ba dole ba ne yafiya ta zo a ranar da aka neme ta.

Kada kuma ki yi mata alkawarin cewa maganar ta mutu. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka rubuta ta fi wuyar mayarwa, don ba ki san wa ya kwafa ya ajiye ba. Abin da ke hannunki shi ne ki je makarantar da kanki ki ga malamar ajinsu a keɓe, ki nemi ta sa ido a kan tsokanar ba tare da ta tara yara ta sake tayar da zancen ba. Ki kuma gaya wa yarinyar abin da wataƙila ba a taɓa gaya mata ba: fitsarin kwance ba laifinta ba ne, ba lalaci ba ne. Likitocin yara sun ce cikin yara 100 masu shekara 5, kusan 15 suna yin sa, yana yawan bin jini a dangi, kuma mafi yawansu yana barinsu da kansa. Da wuya a ce cikin masu yi mata dariya babu wanda ya taɓa yi.

Akwai hadisin da nake so ki riƙe. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana yaro yana wasa da yara, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi. Ya yi jinkirin komawa gida, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi abin da ya tsare shi. Ya ce Manzon Allah ne ya aike shi. Ta ce aiken me? Ya ce sirri ne. Ba ta matsa masa ba. Cewa ta yi kada ya kuskura ya gaya wa kowa sirrin Manzon Allah. Muslim ne ya ruwaito. Uwa ce ta ga ɗanta ƙarami ya riƙe amana har a gabanta, ta ƙara masa ƙarfi a kai. Riƙon sirri a gida ake koyonsa, kuma yaro yana fara koyonsa ne daga yadda aka riƙe nasa.

Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, fiye da fushin maigidanki. 'Yarki tana bakin balaga. Nan da ɗan lokaci jikinta zai fara canzawa, za ta ga al'ada, za ta ji abubuwa daga ƙawaye, wani zai iya faɗa mata maganar da ba ta dace ba ko ya kai mata hannu. Waɗannan su ne shekarun da kike so ki zama mutum na farko da za ta rugo wa. Idan ta ƙudurta a ranta cewa duk abin da ta gaya wa Mama zai iya zama rubutu, za ta kai shi wani wuri, ko ta haɗiye. Tsokanar makaranta za ta wuce. Wannan kuwa, in ba a gyara ba, zai iya bin ku har ta yi aure.

Batun cire suna ba ya wanke ki, kuma na san kin riga kin gane. Da aka tambayi Annabi mece ce giba, ya ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa ambaton nan ya haɗa da furuci da rubutu da nuni, muddin mai ji zai gane wa ake nufi. Mukan manta cewa yaran da muka haifa su ma Musulmi ne masu mutunci, kuma ƙanƙantarsu ba ta halatta mana abin da ya haramta a kan babba ba. Hukumomi ma sun waye da wannan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 16, ta ba yaro haƙƙin a kiyaye sirrinsa da mutuncinsa. A watan Fabrairun 2024 Faransa ta yi doka da ta ɗora wa uwa da uba tare nauyin kare hoton ɗansu, ta ce a riƙa jin ra'ayin yaron gwargwadon shekarunsa, har alƙali yana iya hana ɗaya daga cikinsu yaɗa hoton idan ɗayan bai yarda ba. Ba su yi dokar don sha'awa ba. Yaran da aka baza rayuwarsu tun suna goye sun girma, sun fara magana.

To, rubutun kansa haramun ne? A'a. Mace Musulma ta yi rubutu, har ta yi magana a kan rayuwar cikin gida don wasu su amfana, abu ne mai asali. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, an ruwaito hadisai 2,210 daga gare ta, kuma da yawa cikinsu labarin cikin ɗaki ne: yadda Annabi yake taya iyalinsa aiki har lokacin salla ya yi ya fita, yadda yake tsayuwar dare, yadda suka yi tsere a hanya. Da ta yi shiru, da babban ɓangare na fiƙihun iyali bai iso mu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar aure ce kuma uwa, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta horar da mata malamai da ake kira jaji suna kai karatu ga mata a ƙauyuka, kuma a waƙoƙinta na ta'aziyya ba ta ɓoye baƙin cikinta ba. Don haka wanda ya ce miki alƙalami ba na uwa ba ne, bai faɗi daidai ba.

Sai dai ki lura da bambanci. Gidan Annabi makaranta ne ga al'umma, kuma Allah da kansa Ya umarci matansa a Suratul Ahzab da su ambaci abin da ake karantawa a ɗakunansu na ayoyi da hikima. Ni da ke ba a ɗora mana wannan ba. A cikin wannan gida mai albarka ma, da Annabi ya asirta wa ɗaya daga cikin matansa wata magana ta fitar, Suratut Tahrim ta sauko da zancen. Haka nan hadisin Ummu Zar'in, wanda Nana A'isha ta ba da labarin mata 11 da suka zauna kowace ta siffanta mijinta, wasu da yabo wasu da suka, Annabi ya saurara har ƙarshe bai hana ba. Malamai da suka yi sharhinsa sun ce bai zama giba ba domin mazajen ba sanannu ba ne ga masu sauraro. Ke kuwa masu karanta ki sun san mijinki, sun san 'yarki, wasu ma sun san ƙofar gidanki.

Ga iyakar da nake ganin za ta fisshe ki. Abin da ya faru a cikin zuciyarki naki ne, kina da ikon bayar da shi. Abin da ya faru a jikin wani ko a bakin wani, ko da a ɗakinki ya faru, amana ce a hannunki. Gajiyarki taki ce. Daren da kika zauna da jariri a hannu kina kuka ba ki san dalili ba, naki ne. Tsoron da kika ji cewa ba ki iya uwa ba, da yadda sallarki ta koma gajera har kika ji kamar kin yi nisa da Allah, da ranar da kika ji cewa Annabi yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, hankalinki ya kwanta, duk waɗannan naki ne. Kuma in kin duba da kyau, su ne suka sa matan nan suka ce sun sami sauƙi. Ba cikakken bayanin shimfiɗar 'yarki ne ya taimake su ba, jin cewa wata uwa ta gaji kamar yadda suka gaji ne. Ko batun fitsarin kwancen, da kin rubuta abin da kika koya, cewa duka da gori ba sa magani, cewa akwai lokacin da ya kamata a ga likita, da ya amfanar ba tare da an san a gidan wa aka koye shi ba.

Daga yanzu, duk abin da ya shafi babbar, sai kin karanta mata ta yarda, kuma in ta ce a'a magana ta ƙare, babu lallashi. Ƙananan kuwa ba su kai su ba da izini ba, don haka ke ce mai tsaron haƙƙinsu har su girma. Ki riƙa tambayar kanki ko yaron nan zai ji daɗin karanta wannan yana ɗan shekara 15 a gaban abokansa. Kuma kada ki fitar da rubutu a ranar da kika yi shi, balle wanda aka yi cikin fushi. Ki bar shi ya kwana biyu. Da yawa za ki ga da kanki ba na fitarwa ba ne.

Maigidanki yana da gaskiya a fushinsa. Allah Ya ce wa mazaje a Suratul Baƙara game da matansu, su tufa ne a gare ku, ku ma tufa ne a gare su, kuma a Suratun Nisa'i Ya yabi mata salihai da cewa masu tsare gaibu ne. Namiji ya tarar da cewa mutanen da yake gaisawa da su sun san ranar da aljihunsa ya gaza, wannan ciwo ne, kada ki raina shi. Musulunci bai hana mace kai kuka ba. Hindu 'yar Utba ta je gaban Annabi ta ce mijinta Abu Sufyan mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, Annabi ya ce ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon abin da aka saba. Amma ki duba wurin da ta kai kukan: wurin wanda zai iya yanke hukunci. Masu karatu ba za su iya sasanta ku ba. Za su tausaya miki, su riƙe laifinsa, ku kuma ku shirya cikin dare ɗaya su ba su sani ba.

Saboda haka kada ki shiga maganar da shi ta ƙofar "ai ina da 'yanci". Ki fara da ba shi haƙuri a kan abin da ya shafe shi. Ki ce ku zauna tare ku bi rubuce-rubucen baya, duk wanda ya taɓa shi ko yaran a cire. Bayan ƙura ta lafa, ba a ranar ba, sai ki gaya masa abin da kika gaya mini, cewa rubutun nan shi ya riƙe ki lokacin da kika kusa faɗuwa. Ina kyautata zaton bai san zurfin abin da kika shiga ba. Ki kawo masa sharuɗɗan da kika ɗaura wa kanki, ki ce yana iya ganin kowane rubutu kafin ya fita. Mafi yawan maza da ke cewa "ki daina gaba ɗaya" tsoron maimaituwar abin ne yake magana a bakinsu, kuma idan suka ga an toshe ƙofar sukan sassauta.

Idan ya tsaya a kan bakansa, ki dakata da fitarwa. Ki ci gaba da rubutu a littafinki, wannan ba wanda ya hana ki, kuma mafi yawan sauƙin da kike samu daga rubutawar yake zuwa. Abin da ba na so ki yi shi ne ki koma fitarwa a ɓoye da wani suna. Salon mutum yana tona shi, kuma ranar da ya gane, abin da zai karye ya fi rubutu girma. In kin ga maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ku sa wani babba da ku biyun kuke jin nauyinsa, ko malamin da kuka yarda da iliminsa.

Ina kuma da magana ga maigidan naki, in zai karanta. Malam, matarka ta haihu ta shiga ƙunci har ta rasa wanda za ta gaya wa, alhali kuna ɗaki ɗaya. Wannan ma abin dubawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Ba raunin imani ba ne, ba shagwaɓa ba ce. In ka rufe mata wannan ƙofa, ka buɗe mata kunnenka. Ke kuma ƙanwata, idan har yanzu kina jin ragowar wancan nauyin, rashin barci, yawan kuka, ko jin rayuwa ta fita daga ranki, ki ga likita. Rubutu yana rage zafi, amma ba ya maye gurbin magani.

Maganar Yayarki ta riya, ba ita ke da hukunci a kai ba, ba ni ba ce kuma. Zuciya Allah kaɗai Ya san ta. Fudailu ɗan Iyad ya ce barin aiki saboda mutane riya ne, yin sa saboda mutane shirka ne, ikhlasi shi ne Allah Ya kuɓutar da kai daga duka biyun. Jin daɗin godiyar da mata ke yi miki ma ba laifi ba ne, domin da aka tambayi Annabi game da wanda ya yi alheri mutane suka yabe shi, ya ce wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini. Amma kada ki watsar da maganarta duka. Mai rubutu a kan kansa yana da tarko biyu. Na farko ya ƙawata gidansa fiye da yadda yake. Wata mata ta tambayi Annabi ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne. Na biyun ya fi ɓuya, kuma ina jin shi ya kama ki: mutum ya lura cewa duk sanda ya buɗe wani ciwo, masu karatu sun fi taruwa, sai ya riƙa neman wanda ya fi zurfi, in nasa ya ƙare ya shiga na mutanen gidansa. Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah me ya sa labarin shekaru biyu da suka wuce ya fito yanzu.

Kambun baka gaskiya ne, haka ya zo a Bukhari da Muslim, kuma Annabi Yaƙub ya ce wa Yusuf kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Sai dai maganinsa ba zama cikin fargaba ba ne. Annabi yakan nema wa Hasan da Husaini tsari da cikakkun kalmomin Allah daga kowane shaiɗan da abu mai dafi da kowane ido mai cutarwa. Ki lazimci wannan addu'a safe da yamma, da Falaƙi da Nasi. Hotunan yara kuwa, in kina sawa, shawarata ki cire su duka, kuma dalilina bai tsaya kan kambun baka ba. Ba ki san idon wa yake kai ba, ba ki san a wayar wa zai ƙare ba, kuma hoton da ya nuna kayan makarantarsu ko ƙofar gida ya gaya wa baƙo inda zai same su. Yayarki kuma ki gode mata, ko da lafazinta ya yi kaushi. Tsoro take ji wa 'ya'yanki.

Lokacin da kuke bin tsofaffin rubuce-rubucen, ki duba har da waɗanda suka taɓa surukarki, maƙwabciya, mai aikin gida, ko ƙawar da ta taɓa gaya miki damuwarta. Su ma ba a tambaye su ba. Wadda kika san labarin ya isa kunnenta ki kira ta ki nemi afuwa, wadda ba ta sani ba ki cire ki yi mata addu'a. Idan 'yarki ta nemi ganin abin da kika taɓa rubutawa a kanta, ki nuna mata duka, kada ki ɓoye ko ɗaya, ta zaɓi wanda za a goge.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sanyaya zuciyar yarinyar nan.